Son zane mai motsi ya shige mini rai, karatuna kuma yana neman lalacewa

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar shekara 20, ina aji biyu a jami'a, ina karanta aikin akanta. Tun ina ƙarama nake zane, a bara kuma na fara bin darussan zane mai motsi a intanet har abin ya mamaye mini zuciya. Ni da wata ƙawata muka ƙulla cewa za mu yi fim ɗin katun na minti 20, ita ta rubuta labarin, ni kuma zan zana. Yau wata takwas ke nan ba mu kammala ko minti ɗaya ba, domin kwamfutata tsohuwa ce, da na buɗe babbar manhaja sai ta cije. Ƙawata ta fara cewa ina yi mata wasa da hankali. Saboda raba dare da nake yi, na faɗi darussa biyu a zangon da ya wuce, ban kuma gaya wa mahaifina ba. Shi a wurinsa katun wasan yara ne. Mahaifiyata ta sani, tana rufa mini asiri. Yanzu kuɗin makaranta na zango mai zuwa suna hannuna, zuciyata tana raya mini in sayi sabuwar kwamfuta da su, in biya kuɗin wani kwas na wata uku da aka tallata cewa yana mai da mutum ƙwararre, in jingine karatun na shekara ɗaya. Ko dai ba ni da baiwar ne tun asali? Don Allah ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam, 'yata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma kafin mu shiga maganar zane da fim, ina roƙonki abu ɗaya: ki je ki biya kuɗin makarantarki a cikin wannan makon, kada ki bari su ƙara kwana a hannunki. Ba don ina ganin burinki shirme ba ne, za ki ga akasin haka nan gaba kaɗan. Dalili shi ne an ba ki kuɗin ne don abu guda da aka ambata, ranar da kika karkatar da su kuwa, matsalarki da mahaifinki ta tashi daga saɓanin ra'ayi a kan katun ta koma maganar amana, wadda gyaranta ya fi wuya nesa ba kusa ba. Duk fim ɗin da kika yi da wannan kwamfuta, komai kyansa, abin da zai riƙa gani a cikinsa shi ne kuɗin da aka ɗauka ba da saninsa ba.

Sai tambayarki ta ƙarshe, wadda nake jin ita ce ta fi damunki. Wata takwas ba tare da minti ɗaya ba, ba ya nuna cewa ba ki da baiwa. Abin da yake nunawa shi ne babu wanda ya zaunar da ku ya yi muku lissafi, ke kuwa lissafi fanninki ne, don haka bari mu yi shi tare. Fim yana tafiya ne a kan hoto 24 a kowane sakan. Masu zanen hannu sukan rage wa kansu aiki ta hanyar barin kowane zane ya tsaya na tsawon hoto biyu, wato zane 12 a sakan ɗaya. Minti ɗaya ya zama zane 720, minti 20 kuma ya zama zane 14,400. Idan kina iya zana 20 a kowace rana, babu hutu, babu jarrabawa, babu ciwo, za ki ɗauki kwana 720, kusan shekara biyu cur, kuma ba a sa zanen wuraren da labarin yake faruwa ba, ba a sa fenti ba, ba a sa murya da tacewa ba. Akwai dabarun da suke rage wannan adadi ƙwarai, kamar motsa baki da ido kawai a bar sauran jiki a tsaye, ko maimaita zagayen tafiya guda, amma ko da su, abin da kuka ɗora wa kanku aikin tawaga ne na mutanen da suka riga suka ƙware. Ke kuma kin shige shi ke kaɗai, da dare, kina koyo kina yi a lokaci guda.

Na san za ki ce da kwamfutar tana da ƙarfi da abin bai kai haka ba. A nan ne ban yarda da ke ba. Fim ɗin zane mai motsi mai cikakken tsawo mafi tsufa da ya wanzu har yau, wata Bajamushiya mai suna Lotte Reiniger ce ta fitar da shi a 1926, ta ɗauko labarinsa daga hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya. Almakashi da baƙin kwali ta yi amfani da su, ta yanka mutane da dawakai, ta haɗa gaɓoɓinsu da siririyar waya, ta shimfiɗa su a kan gilashin da aka haska ta ƙasa, tana matsar da su kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya, ita da mutane ƙalilan, na kimanin shekara uku. Abin da ya sa ake kallon aikinta har yanzu shi ne ta san yadda jiki yake motsi, wannan sani kuwa ba ya zuwa a cikin kwalin sabuwar kwamfuta. Ina zaton babbar manhajar da take cije miki ta zanen siffofi masu tudu da zurfi ce, irin wanda ake kira 3D, kuma ba daga nan mai koyo ya kamata ya fara ba. Manhajojin zanen shafe irin su Pencil2D da Krita kyauta suke, ba su da nauyi sosai, FlipaClip kuma a waya yake aiki, haka nan Stop Motion Studio idan kina so ki gwada motsa yankakkun takardu ko abubuwan da kika mulmula da hannu. Guntun gatarinki ya fi sari ka ba ni. Idan lokacin babbar manhajar ya yi, Blender ma kyauta ce, da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latviya, wanda ya ci lambar Oscar ta fim ɗin zane mai motsi a 2025. Sai dai ki lura cewa daraktansa ya daɗe yana yin gajerun fina-finai shi kaɗai kafin ya kai nan.

To da me za ki fara? Da ƙwallo. Kada ki raina wannan, domin kusan duk wanda ya koyi sana'ar nan da gaske ta wannan ƙofar ya shiga. Ki zana ƙwallo tana faɗowa daga sama, ta bugi ƙasa, ta yi tsalle sau uku tana rage tsawo har ta tsaya. A cikin wannan ɗan aiki na sakan biyu ko uku za ki gano cewa idan ƙwallon ta kai ƙololuwar tsallenta tana rage gudu, don haka zanenki a can dole su matsu kusa da juna, idan kuma ta doshi ƙasa tana ƙara gudu, sai tazarar da ke tsakanin zane da zane ta buɗe. Za ki ga tana ɗan miƙewa yayin faɗowa, tana ɗan bajewa idan ta taɓa ƙasa, amma girmanta gaba ɗaya ba ya canzawa, in ba haka ba sai ta zama kamar tana kumbura tana sacewa. Idan kin samu wannan ta yi daidai, ki sake yin ta a matsayin ƙwallon ƙarfe mai nauyi, sannan a matsayin balan-balan, da zagaye iri ɗaya, ba tare da kin canza komai ba sai yawan zanen da tazararsu. Ranar da wani ya kalla ya ce wannan ai mai nauyi ce ba tare da kin gaya masa ba, ranar kin fara aikin zane mai motsi.

Daga nan sai ki wuce zuwa ga ƙa'idoji 12 da wasu tsofaffin masu zanen kamfanin Disney biyu, Frank Thomas da Ollie Johnston, suka tattara a littafinsu The Illusion of Life a 1981, waɗanda bayaninsu ya cika intanet kyauta. Ba sai kin haddace su ba, idonki ya riga ya san yawancinsu. Mutum ba ya tsalle sai ya fara durƙusawa, ba ya jifa sai ya ja hannunsa baya, wannan shi ne shirin motsi, idan babu shi mai kallo ba ya gane abin da ya faru. Wanda ya tsaya cak bayan gudu, rigarsa da gashinsa sukan ɗan wuce shi kafin su dawo. Hannu da kai ba sa tafiya a miƙaƙƙen layi, a lanƙwashe suke zagawa. Bayan waɗannan sai tafiya, wadda ita ce take karya zuciyar masu koyo da yawa. Taku ɗaya na tafiyar yau da kullum yakan ɗauki kimanin rabin sakan, kuma yana da matsayi huɗu: dunduniya ta taɓa ƙasa, jiki ya sauka a kan ƙafar, ɗaya ƙafar ta wuce ta, jiki ya ɗaga sama. Ki ɗauki bidiyon kanki kina tafiya a tsakar ɗaki, ki riƙa tsayar da shi hoto bayan hoto kina kwaikwayo. Ƙwararru ma haka suke yi, babu kunya a ciki. Zagayen tafiyarki na farko zai yi kama da na mai ciwon ƙafa, na biyar zai fara kama da mutum.

Akwai rabin sana'ar da ban ga kin ambata a wasiƙarki ba, shi ne sanin yadda ake ba da labari da hoto, wannan kuwa da wayar hannunki za ki koye shi, cikin sauri fiye da zane, saboda kuskuren da zai ci miki mako guda a zane, minti biyar zai ci miki a kyamara. Ki ɗauki ƙawarki tana shiga ɗaki tana neman makullin da ya ɓace, ba tare da magana ba. Ki ɗauke ta daga nesa don a ga wurin, daga ƙugu zuwa sama don a ga abin da take yi, sannan fuskarta kaɗai don a ga abin da take ji, ki zauna ki jera su ta hanyoyi daban-daban ki ga yadda ma'anar take juyawa. Tun kimanin shekara ɗari da suka wuce wani mai shirya fim ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya nuna cewa fuska ɗaya marar wani yanayi, idan aka biyo ta da hoton kwanon abinci sai masu kallo su ga yunwa a cikinta, idan aka biyo ta da hoton akwatin gawa sai su ga baƙin ciki. Idan mutum biyu suna magana, ki ɗauka akwai layi a tsakaninsu, kyamara ta tsaya a ɓangare ɗaya na layin, in ta tsallaka sai su zama kamar suna kallon wuri guda maimakon juna. Ki sa fuskar mutum ta fuskanci hasken taga, kada tagar ta kasance a bayansa. Ki kuma kula da sauti fiye da yadda kike zato, domin mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan dishi-dishi, amma ba sa haƙuri da muryar da ba sa ji. Wata dabara da nake so ƙwarai ita ce ki zaɓi fitowa ɗaya a fim ɗin da kike sha'awa, ki kashe sautin, ki ƙirga sau nawa aka yanke hoto, ki tambayi kanki me ya sa aka yanke a daidai wannan wurin.

Wannan ya kawo mu kan ƙawarki. Ina ganin tana da gaskiyar jin haushi, domin ta cika nata alƙawarin, ta zauna tana jira wata takwas, kuma daga inda take tsaye ba ta ganin daren da kike rabawa. Ki ba ta haƙuri, ki nuna mata lissafin zane 14,400 ɗin nan a takarda, sannan ku ajiye babban labarin a gefe ba tare da kun yar da shi ba. Ku ciro fitowa ɗaya tak daga cikinsa, mai mutum ɗaya ko biyu, a wuri ɗaya, wadda ba ta wuce sakan 30 ba. Ko da kin zana kowane motsi, zane 360 ke nan, aikin da ɗaliba za ta iya kaiwa ƙarshensa a zango ɗaya. Kafin ki zana komai da kyau, ku fara jera fitowar a ƙananan akwatuna a takarda da zanen kara-kara, ku ɗauki hotonsu, ku ɗora muryoyi a kai, ku kalla. Idan labarin bai yi daɗi a wannan matakin ba, fenti ba zai cece shi ba, gyara kuma a nan ya fi sauƙi. Ita ma ki ba ta aiki na gaske: ɗaukar murya, neman sautin taku da na ƙofa, tsaftace su a manhajar gyaran sauti ta Audacity, da haɗa fim ɗin a ƙarshe. Ku kuma rubuta a 'yan layuka wa yake da me, da yadda sunayenku za su fito, tun yanzu da babu abin da za a yi rigima a kansa. Idan ta ce ita minti 20 take so ko a fasa, ki rabu da aikin cikin mutunci, ki mai da mata labarinta, ki riƙe ƙawancen.

Game da kwas ɗin wata uku, ban san masu shi ba, don haka ba zan ce mayaudara ba ne. Wata uku suna isa a koya wa mutum maɓallan manhaja, amma ido da hannu shekaru suke ɗauka, duk wanda ya yi miki alƙawarin ƙwarewa a wannan wa'adi talla yake yi. Idan wata rana kin tara kuɗinki kina son shiga wani kwas, ki nemi a nuna miki aikin ɗaliban da suka gama, ba na malamin ba, ki tambaya ko wani zai riƙa duba zanenki yana gyara miki kowane mako, domin wannan gyaran shi ne kaɗai abin da darussan kyauta ba sa bayarwa. Har wannan gyaran ma za ki iya samun wani abu daga cikinsa idan kin shiga zaurukan masu koyo a intanet, ko kin leƙa sashen zane ko na aikin jarida a jami'arku kin nemi malami ko ɗalibin da ya girme ki a harkar ya duba miki. Ki tambaya kuma ko akwai ɗakin kwamfuta da za a bari ki yi amfani da shi. Sannan ina zargin, kuma ki gyara mini idan na yi kuskure, cewa awannin da kike kashewa wajen kallon darussa sun ninka waɗanda kike zane a cikinsu. Kallon darasi yana sa mutum ya ji kamar yana ci gaba. Ki sa wa kanki doka cewa kowane darasi na minti goma sai kin biya shi da awa ɗaya ta zane kafin ki buɗe wani.

Yanzu mahaifinki. Ki gwada tsayawa a inda yake: yana biyan kuɗin makaranta, yana son ranar da ba ya nan ki iya riƙe kanki, abin da ya sani game da katun kuma shi ne abin da yara suke kallo. Tsoronsa ba na banza ba ne, domin masu wannan sana'a da yawa suna fara ta ne da aikin da yake zuwa yau ya ɗauke gobe, kuma darussa biyun da kika faɗi, idan ya ji, za su tabbatar masa da abin da yake gudu. Duk da haka ke ce za ki gaya masa, da bakinki, kafin sakamako ya iso shi ta wata hanya. Ki fara sanar da mahaifiyarki cewa kin yanke wannan shawara, ki roƙe ta ta zauna a wurin, domin nauyin da kika ɗora mata na riƙe sirri tsakaninta da mijinta ba ƙarami ba ne, kuma duk ranar da ta ƙaru yana ƙara mata nauyi. Ki je da rasidin biyan kuɗin makaranta a hannunki, ki faɗi abin da ya faru ba tare da kin ɗora laifin a kan malamai ko kwamfuta ba, ki faɗi yadda za ki gyara. A wannan zaman kada ki kare katun, kada ki kawo labarin waɗanda suka yi arziki da shi, ranar ba tasa ba ce. Idan ya yi faɗa, ki saurara. Idan ya ce ki daina zanen gaba ɗaya, kada ki yi musu a take, ki nemi alfarma ɗaya kawai, cewa idan sakamakon zango mai zuwa ya fito da kyau a sake zama a yi maganar, in da hali da wani babba a dangi da yake jin maganarsa.

A wancan zama na biyu ne za ki ajiye masa abu biyu a gabansa, sakamako mai kyau da fim ɗinki na sakan 30 da aka kammala da murya da suna. Gani ya kori ji. A nan ne kuma za ki iya nuna masa cewa zane mai motsi yana shiga tallace-tallace, da bidiyon koyarwa, da bayanin lafiya, da wasannin kwamfuta, sannan ki tambaye shi ko zai yarda ki yi aikin koyo a wani wurin shirya bidiyo a lokacin dogon hutu, ko ya taimaka a ƙara wa tsohuwar kwamfutar ƙwaƙwalwa, ko a saya miki ƙaramin allon zane da ake jonawa da ita, wanda shi ne kayan aikin da zai fi canza miki rayuwa a yanzu. Mai yiwuwa ya yarda, mai yiwuwa ya ce sai kin gama digiri. Ko ya ce haka, shekara biyu ne ko uku, fensir da takarda kuma suna nan a kowane hutu.

Jingine karatu a wannan gaɓa sakin reshe ne a kama ganye, musamman da yake ba ki gama ko aiki ɗaya da zai nuna miki ko kina son sana'ar ko kallonta kawai kike so ba. Wasu suna gano bayan zane na ɗari uku cewa rubuta labari ko tace fim ya fi dacewa da su, wannan ma riba ce. Aikin akantan da kike gani kamar ya tare miki hanya kuwa, duk fim yana da kasafin kuɗi da yarjejeniya da jadawali, masu zane da yawa kuma suna wahala ne saboda ba su san yadda za su yi wa aikinsu kuɗi ba. Idan bayan shekara ɗaya kina riƙe da ƙananan ayyuka uku ko huɗu da kika kammala, zuciyarki kuma tana nan a kan bakanta, maganar sauya sashe ko neman karatun fim bayan digiri za ta zama magana mai tushe da za a iya zama a kanta.

Kafin nan, ki ware awa ɗaya a rana, kwana biyar a mako, da rana ko da yamma bayan kin gama bitar darussa, ki bar dare ga barci, ki kuma rufe manhajar gaba ɗaya mako uku kafin jarrabawa. Ki rubuto mini idan zangon ya ƙare, 'yata. Ina son in ji yadda zaman da mahaifinki ya kasance, da kuma sau nawa kika sake zana ƙwallon kafin ta yi nauyi.